Hitar tankin kifina ta mutu, ya zan rike dumin ruwan kafin sabuwa ta iso?

sabon_maikifi

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah ku taimaka min da shawara. Hitar tankin kifina ce ta daina aiki, yar jar fitilar nan da take kawowa in tana dumama ruwa ma bata kawowa kwata kwata, na murda lambar sama na murda kasa shiru kake ji. Tankin lita 60 ne, kifayen da ke ciki su ne niyon tetira takwas da gupi biyar da beta namiji daya sai kori hudu masu yawo a kasa. Da a digiri 26 ruwan yake zama, yanzu ma'aunin da ke manne a jikin gilas yana nuna 22, gashi sanyi ake yi sosai, dakin da daddare yana sauka wajen 17 ko 18. Na yi odar sabuwa amma sun ce sai karshen mako zata iso. Betan ya koma kasa ya kwanta ya tattare fukafukansa baya ko tasowa in na zo da abinci, tetirorin ma sun cure guri daya kalar jikinsu ta dan dusashe. Wlh hankalina a tashe yake, me zan yi kafin gari ya waye? in zuba ruwan zafi ne ko yaya

kifi_zalla

Wslm. Kai dai dora buta ka dafa ruwa ka ringa tsiyayawa kadan kadan ta gefe har ma'aunin ya dawo 26. Ko in kana da hitar nan ta guga da ake dumama ruwan wanka ka tsoma ta na dan lokaci ka cire, shikenan magana ta kare

tsohon_hannu

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka fara kwantar da hankalinka, 22 ba ta kashe waɗannan kifayen a dare ɗaya. Sun takura dai, shi ya sa ka ga betan ya kwanta, amma abin da ya fi yi musu illa shi ne ruwan ya rinƙa hawa da sauka da sauri, yanzu 22 anjima 27 da asuba 20. Kifi ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar mu, duk yadda ruwa yake haka jikinsa yake, to in ka fizgo ruwan sama da digiri huɗu cikin minti goma, jikinsa gaba ɗaya ka fizga. Don haka shawarar da ke sama ta hitar guga, malam kifi_zalla ka yi haƙuri, ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Aikinka na daren nan shi ne hana ɗumin da ya rage fita. Ƙara sabon zafi yana bayan wannan.

Fara da sama. Ta saman ruwa zafi ya fi tsiyayewa saboda tururin da ke tashi, ko ba ka ganinsa yana tashi yana ɗauke ɗumi. In tankin yana da murfi ka rufe shi ruf, in babu ka ɗora faifan gilas ko roba ko ma ledar naɗe abinci ka ja ta a kai, ka bar 'yar kafa a kusurwa ɗaya don iska. Wannan murfin zai yi wa betanka amfani biyu, don shi yana tasowa ne ya zuƙi iska a saman ruwa, in iskar da ke tsakanin ruwa da murfi tana da ɗumi da laima ya fi masa sauƙi a kan ya zuƙi sanyin ɗaki.

Sai gefuna. In kana da farin soson nan mara nauyi da ake tallafe talabijin ko firji da shi a cikin kwali, shi ne sarki a wannan aikin, yanka shi daidai bangon tankin ka manna baya da gefe biyu da salatif, gaban ma ka rufe da daddare. In babu, kwali ninki biyu ko uku, ko ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kayan fashewa da ita. A kan duka ka lulluɓa bargo mai kauri har ƙasa. Ka kashe fitilar tankin kafin ka rufa bargon, kar ka bar yadi a kan fitila tana ci, kuma kar bargon ya sha ruwa, jiƙaƙƙen bargo sanyi yake ƙarawa.

Filta kuma, wato injin tace ruwan, kar ka kuskura ka kashe ta. Wasu suna kashewa wai motsin ruwa yana sanyaya shi. Ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, a cikin soson filtar suke zaune, kuma ruwa mai gudana ne yake kai musu iska, in ka tsayar da ita awoyi da yawa sai su fara mutuwa, ka fita daga matsalar sanyi ka faɗa ta dafin ruwa wadda ta fi ta muni. Ga shi ma injin da ke cikin ruwa yana ba da ɗan ɗumi kyauta, ba yawa amma a tankin da aka lulluɓe yana ƙirguwa. In kana da famfon kumfa daban, shi kam rage shi za ka yi, don iskar ɗaki mai sanyi yake turawa cikin ruwan.

Rufe taga da ƙofa, in tankin yana kusa da taga ka saki labule. Kar ka ce za ka ɗauke shi da ruwa a ciki zuwa ɗaki mai ɗumi, lita 60 kilo 60 ne ban da tsakuwa da gilas, yana murɗewa kaɗan gam ɗin kusurwa zai saki.

dan_lantarki

Kafin komai ma, ka cire fulogin hitar daga soket? Yanzu yanzu jeka cire, kuma kar ka kara sa hannu a ruwan tana jone. Hita in ta lalace ba koyaushe take mutuwa salin alin ba. Wata gilashinta ne ya tsage ruwa ya shiga, wuta na zurara cikin tanki baka sani ba sai ka tsoma hannu. Wata kuma yan karafan da ke hadewa su rabu a cikinta ne suka cinye, yau taki kamawa, gobe ta kama taki saki, ka tashi da safe ka tarar ruwa ya kai talatin da wani abu kifi duk sun juya ciki sama, balle yanzu da zaka lullube da bargo zafin ba inda zai fita. Wannan ya fi sanyin hadari nesa ba kusa ba.

In ka cire ka bata kamar minti 15 a cikin ruwan ta huce kafin ka daga ta, gilas mai zafi in ya hadu da iska ko ruwan sanyi kwatsam fashewa yake. Sannan ka daga ta a haske ka duba, in ka ga raba ko digon ruwa a ciki ko bakin kuna, ta gama aiki, kar ka ce zaka bude ka gyara ka mayar, ba zata koma ta toshe ruwa kamar da ba. Amma ka gwada soket din da cajar waya tukuna, sau da yawa ekstenshan ne ya mutu ko fis din fulogi ake dorawa hita laifi. Ka duba kuma ko ruwa ya ja kasa da layin da aka zana a jikinta, wasu suna yanke kansu in sun fito waje.

Maganar hitar guga kuwa innalillahi. Irinsu wat dubu ne ko fiye kuma galibi basu da abin yanke kansu, wasunsu ma wutar na bin ruwan. A lita 60 duk minti hudu zata kara digiri daya, ka dan juya amsa waya ka dawo ka dafa kifinka

sabon_maikifi

Nagode sosai yallabai, na cire fulogin, soket din lafiyarsa kalau caja ta kama. Na daga hitar akwai raba a cikin gilashin ta kasa kasa, to ta tafi kenan. Na samu kwalaye na manna na rufa bargo, murfi dama akwai. To amma haka zan zuba ido kawai? ba wani abu da zan dan kara musu dumi da shi? wani yace min a sa kyandir a karkashin teburin ko a kunna gawayi a dakin. Kuma abinci fa, in kara musu ne tunda sanyi ake?

mai_lissafi

Kyandir da gawayi dai a'a. Harshen wuta yana zafafa guri ɗaya ne a gilas alhali sauran na sanyi, abin da ke tsaga shi kenan, ga bargo a rataye kusa. Gawayi a rufaffen ɗaki kuma kai zai fara kayarwa kafin kifin, iskar gubar da yake fitarwa ba wari ba kala, mutum yana barci take ɗauke shi. In kana da hitar ɗaki ta lantarki ita ce mafi sauƙi, ka ɗumama ɗakin gaba ɗaya daga nesa, kar ka haska ta a jikin gilas.

Abin da ya fi aminci shi ne gorar roba mai murfi. Cika ta da ruwan ɗumi, ka ɗaure bakin tamau ka sake ta tana yawo a saman tankin. Ruwan ba ya haɗuwa da na kifi, zafin ne kawai ke ratsawa a hankali. Ba tafasasshe ba fa, robar ruwan sha tana lanƙwashewa da tafasasshen ruwa, murfin ya saki. Ka sirka shi ya zama wajen 50 zuwa 55, wato za ka iya riƙe gorar a hannu amma kana jin ta.

Bari in ba ka lissafin don kar ka sa rai da yawa kuma kar ka ji tsoro. Gora lita ɗaya da rabi a 55, tanki a 22, bambancin 33 ne. 33 sau ɗaya da rabi kusan 50. Raba 50 ga lita 60, ka ga bai kai digiri ɗaya ba, wajen 0.8 ne. Gora biyu digiri ɗaya da rabi kenan, in babu abin da ke fita. To ka ga ba za ta ƙona kowa ba, kuma ka ga dalilin da tsohon_hannu ya ce a fara da bargo, don a buɗaɗɗen tanki cikin ɗaki mai 17 ɗan abin da gorar ta bayar kafin ka sake dafa wani ruwan ya riga ya gudu, sai ka kwana kana zirga zirga tsakanin kicin da tanki a banza. A lulluɓe kuwa gora biyu kafin ka kwanta, biyu da asuba, wataƙila wasu da yamma, ya isa ya tsayar da shi.

Ka rage ruwan tankin kaɗan kafin ka saka gororin don kar ya yi ambaliya, ka ɗauraye bayansu da ruwa zalla ba sabulu, ka ɓare takardar jiki.

Wani abin lura, ɗaga lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya yana cin kusan wat 1.16 na awa guda. Lita 60 kusan 70 kenan. Ma'ana ita kanta hitar taka in mai wat 50 ce, sai ta yi kusan awa ɗaya da rabi tana ci ba tsayawa kafin ta ƙara digiri ɗaya tak. Da wannan saurin kifinka suka saba, kai ma kar ka wuce shi. Kuma ba dole sai ka kai 26 ba, in ka riƙe 23 ko 24 a tsaye har sabuwar ta zo ka ci nasara.

Ma'aunin nan na mannawa a waje kuma kar ka dogara da shi yanzu, rabi ruwa yake aunawa rabi iskar da ke gefensa, a ƙarƙashin bargo zai iya yi maka ƙarya. Sami na gilas mai shiga cikin ruwa ko mai batir da 'yar waya, ka sa shi nesa da inda gororin suke.

kifi_zalla

To ni dai ba cewa nayi ya juye buta gaba daya ba, kadan kadan nace. Na sha yi kuma kifina basu mutu ba. Hitar gugar dai na janye tunda masu wuta sun yi magana

tsohon_hannu

Malam kifi_zalla akwai hanyar da maganarka take zama daidai, amma ba daga bakin buta kai tsaye ba. Ruwan da ya fito daga buta kafin ya gauraye yana ratsawa ne da zafinsa, kifin da ya bi ta gurin ya ƙone, in ya daki gilas mai sanyi kuma ka san sauran. In za a yi, a bokiti ake haɗawa. Ɗebe lita shida daga tankin, wato kashi goma cikin ɗari, ka haɗa sabon lita shida a bokiti mai tsabta ya zama kamar 32, ka ɗiga maganin kashe kulorin, sannan ka mayar a hankali kusa da bakin filta don ya watsu. Wannan digiri ɗaya zai ƙara. Kulorin ɗin nan kar a raina shi, tafasawa tana korar na gama gari amma wasu hukumomin ruwa kuloramin suke sawa wanda ba ya fita da sauƙi haka, maganin dai shi ne tabbas. Ni na fi son gora saboda ba ta taɓa yanayin ruwan ko kaɗan, kifin da ke cikin wahala ba ya buƙatar a rinƙa canza masa ruwa sau uku a rana.

maman_gupi

Sannu ƙanina, Allah ya raya maka su. Tambayarka ta abinci naga ba wanda ya amsa. Ragewa za ka yi ba ƙarawa ba. Mu ne in sanyi ya zo muke ƙara ci don jikinmu na ƙona abinci ya yi ɗumi, su kuwa in ruwa ya yi sanyi komai na jikinsu ne ke tafiya a hankali har narkewar abinci, sai ka zuba su ƙi ci ya nutse ya ruɓe a ƙasa, ga ƙwayoyin filtar su ma sun rage aiki saboda sanyin, amoniya ta taru. Yau da gobe ma kar ka ba su komai, babban kifi mai lafiya yana yin kwanaki ba ci ba abin da zai same shi. Bayan nan ɗan mitsitsi sau ɗaya a rana da rana tsaka lokacin da ruwan ya fi ɗumi, abin da ya rage bayan minti biyu ka kwashe da raga.

A cikin kifayen naka betan ne abin ji, shi ya fi son 25 zuwa 27. Niyon da gupi 22 tana bakin iyakar abin da suke ɗauka, yawancin kori ma ba sa damuwa da ita sosai. Da kifin diskas ne kake kiwo masu son 28 zuwa 30 da yanzu wata maganar muke. Kar ka ce za ka cire betan ka sa a ƙaramin kwano wai don ka fi kula da shi, ƙaramin ruwa ya fi saurin hucewa, babban tankin ne gatansa.

Abin da nake so ka sa wa ido shi ne bayan an wuce wannan. Sanyi yana raunana garkuwar jikinsu, shi ya sa sau da yawa bayan hita ta mutu sai ciwon farin ɗigo ya ɓullo, za ka ga ƙananan fararen ɗigo a jiki da wutsiya kamar an barbaɗa musu gishiri, ko kafin ɗigon ya fito ka ga kifi yana goga jikinsa a dutse ko tsakuwa yana numfashi da sauri. Kullum in ka ɗaga bargon ka haska su ka duba ɗaya bayan ɗaya, har sati biyu bayan sabuwar hitar ta zo. In ka gani ka fara magani da wuri kuma ka cika kwanakin da aka rubuta a kwalbar ko da ɗigon ya ɓace, don maganin ba ya kama ƙwayar tana manne a jikin kifi, sai ta sauka ta hayayyafa 'ya'yan sun fito suna iyo. Ka karanta jikin kwalbar da kyau, kori da tetira ba sa jure wasu magungunan da cikakken awo. Amma kar ka zuba magani yanzu wai rigakafi, ƙarin wahala ne kawai.

Bargon kuma ka rinƙa ɗage gaban da rana na 'yan awoyi ka kunna fitila in akwai shuke shuke masu rai. In ka ga tetira da gupi sun taru a sama suna haki to ka toshe da yawa, ƙara kafar iskan. Da wuya dai hakan ta faru, ruwan sanyi ya fi riƙe iskar oksijin, a 20 yana ɗaukar kusan miligiram 9 a lita, a 30 kuwa bakwai da rabi ne.

Wannan ba shi ka tambaya ba amma beta namiji da gupi masu dogon wutsiya a tanki ɗaya, hmm, in betan ya warware ka rinƙa duba wutsiyoyinsu ko yana cizonsu.

dan_lantarki

Tunda ka riga kayi oda, wat nawa ka siya? Abin da aka saba bi shine kamar wat daya ga kowace lita, naka 50 zuwa 75 kenan, tunda dakinka na sauka 17 ni 75 zan ce. Kar ka dauko 200 wai don tafi karfi, ranar da ta makale a kunne kafin ka farga ta gama da su. Masu manyan tankuna ma biyu kanana suke sawa maimakon babba daya, in daya ta mutu dayar na rike da ruwan, in daya ta makale karfinta bai kai ya dafa tanki ba. Akwai kuma dan akwatin nan mai waya da ake tsomawa a ruwa, hitar a jikinsa ake jonawa, shi ke yanke wuta in zafi ya wuce inda ka saita.

In ta iso kar ka jona ta nan take, sa ta a ruwan kusa da inda filta ke turo ruwa ka barta minti 15 zuwa 20 gilashin ya dauki yanayin ruwan sannan ka kunna. Saita ta digiri daya sama da inda ruwan yake, bayan wasu awoyi ka kara daya, haka har 26, kuma ma'aunin cikin ruwa zaka bi ba lambar jikin hitar ba don suna yawan sabawa da digiri daya ko biyu. Cire bargon da gororin a ranar, kwalin baya da na gefe kam barsu a manne, zasu rage mata aiki. Wayar kuma ka barta ta dan sauko kasa da soket kafin ta hau ta shiga, ruwan da ya biyo ta ya diga a kasa kar ya shiga soket din.